Sharaɗin da Na Sa a Takardar Damina

Takardar tana nan wurina har yanzu, cikin tsohuwar jakar da nake ajiye lasisi. Ta yi ja, ta tsage a inda ake ninke ta, dangwalen yatsun da ke ƙasanta sun koma kamar tabon goro a riga. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ita. Ni ma ba don daɗi nake ajiye da ita ba.

Ni direba ne. Karatuna na allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da na shiga da gemuna, saboda haka rubutun nan zai zo yadda ya zo. A shekarun da nake magana ina jan wata ƙaramar mota mai bodin katako ta wani Alhaji, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, wani lokaci har Kano in lodi ya kai can. An gama yaƙi, ba a daɗe da mayar da mu tuƙin hannun dama ba. Arzikin mai a rediyo muke jin labarinsa, bai iso ba tukuna. Hanyarmu jar ƙasa ce, kogi kuma ba gada. Da rani akuya ma ta taka ta wuce, da damina sai jirgi.

Wata damina aka yi amai da gudawa. Mutanen ƙauyukan tsallake, can gaba da Kwandiko, sukan cire ƙyauren ɗaki su ɗora mara lafiya, masu fito su ƙetaro da shi, a ajiye shi gindin wata tsamiya a bakin gaɓa, a zauna jiran mota. Mota kuwa ba ta san da su ba. Muna tasha muna jiran fasinja, ko mun yi Kano. Wasu a gindin tsamiyar suka cika, aka mayar da su cikin jirgin da ya kawo su.

Da kaka ta yi, malamin asibitin sha-ka-tafi na garinmu ya tara mu. Baƙo ne, turo shi aka yi, siriri mai tabarau, ba ya gajiya da magana. Ya kira ƙungiyarmu ta direbobi, ya kira masu fito da sarkinsu, ya kira shugabannin ƙungiyar manoma, masu siton da ake ajiye taki da irin gyaɗa. A wani aji na firamare muka zauna ranar da ba makaranta, dattawa da rawunansu a kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa gemu. Hakimi ya aiko wakili, ya zauna a kujerar malami.

Malamin ya ce ba ciwo kaɗai ya kashe mutanen gindin tsamiya ba. Jirgi yana nan, mota tana nan, fetur yana nan, babban asibiti yana Birnin Kudu, amma ba wanda ya san da wani. Yana so a rubuta a takarda, kowa ya san nasa.

Sarkin fito tsoho ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son zama a inda ba ya ganin ruwa. Ya ce, "Malam, tun kakana muke fito da mara lafiya. Ba mu taɓa neman takarda ba."

"Baba, ba don kai ake rubutawa ba. Don ranar da kake kwance ne, wani yake riƙe da filafili."

"To in na kwanta, ka zo ka karanta wa kogin."

Aka yi dariya, amma bai tashi ba.

Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Daga ruwan shuka har a yanke gero, kowane sati direba ɗaya zai zauna a tasha, ba ya lodi, tankinsa a cike. Shi muke kira mai sati. Manoma za su ajiye duro ɗaya na fetur a sitonsu, ba a taɓa shi sai don wannan. Masu fito za su sa mara lafiya gaba da kowa, ko ranar kasuwa ce, ko jirgi ya cika a sauke mutane. Malamin kuma zai rubuta 'yar takardar shiga babban asibiti, in hali ya yi ya bi motar. Huɗu ke nan. Da a nan aka tsaya, da ba ni da labari.

Na biyar ni na sa shi. Ina da dalili. An taɓa aiko mini saƙo wai tsohuwar wani tana bakin mutuwa, na keta laka har na karya sifirin, na isa na tarar kayan gara ake so a kai gidan amarya, tsohuwar kuwa ita ce ke tsaye tana ƙirga fantekai. Wanda ya kawo saƙon ya ce shi an ce masa ne, wanda ya ce masa shi ma an ce masa. Don haka na miƙe a ajin nan na ce ban yarda da saƙo ba. Ba "an ce in ce". Mai mara lafiya, mijin ne ko uban, ya tako da ƙafarsa ya tsaya gaban mai sati ya faɗa da bakinsa, kowa na ji. In ƙarya ce a san wanda za a kama.

Malamin ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "In mutum ya zo ya kasa faɗa fa?"

Na ce, "Bebe ne?"

Ajin ya kwashe da dariya, har wakilin hakimi. Na zauna ina jin daɗin kaina. Aka rubuta.

An buga ta da tafireta a ofis, kofe huɗu, wani malamin tsangaya ya juya kowace ya rubuta ta da ajami a baya don dattawa su karanta da idonsu. Aka kawo tawada. Na iya rubuta sunana, amma sarkin tasha da ke gabana dangwalawa ya yi, sai ni ma na dangwala. Kofen direbobi ni aka ba, wai tunda ni ne mai baki.

Daminar farko abin ya yi aiki. Wanda maciji ya sara a gona, wanda sa ya soka, matan da haihuwa ta zo musu da gardama, duk an kai su. Wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu a kwance, amma ba wanda ya ƙara kwana a gindin tsamiya. Ba a yi mana ƙarya ko sau ɗaya ba, ni kuma na riƙa tuna wa mutane wanda ya sa sharaɗin da ya hana.

Ina da 'ya, ta fari. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari, amma a gidanmu abin ya fi na kowa, don kakata Bafillatana ce, ita ta rene mu. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutum ba. Da aka yaye ta yayata ta tafi da ita, a can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji a wani ƙauyen tsallake. Mijin manomi ne, mutumin kirki, mai kunya har ta yi yawa. In ya hango ni a kasuwa sai ya sake hanya. 'Ya'yansu biyu a lokacin. Ciki na uku ne, saboda haka ba ta zo gida goyon ciki ba, tana ɗakinta.

A damina ta biyu, lokacin da gero ya fara fitar da kai, sati ya zagayo kaina. Ba ranar kasuwa ba ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai zafi. Motata tana ƙarƙashin maɗaci, hancinta na kallon hanya, ni da sarkin tasha muna dara a ƙasa.

Da hantsi surukina ya shigo tasha. Tun daga nesa ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Wandonsa jiƙe yake har cinya, laka har gwiwa. Ya zo ya durƙusa can gefe, ba kusa ba, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya damina?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka."

Iyakar abin da zan iya tambaya ke nan. Mutanen gida, a dunƙule, har da kaji. Shi kuma iyakar abin da zai iya amsawa ke nan. Ya ci gaba da durƙuso yana zane a ƙasa da ɗan tsinke. Na tura ɗan darata, sarkin tasha ya tura nasa. Da shirun ya yi tsawo na ce, "To, madalla. A gaida gida." Ya ce, "Za su ji." Ya tashi ya ja da baya, ya fita.

Kamashonmu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Direba, surukin nan naka ko kaya ya zo mayarwa ya kasa faɗa?"

Na ce, "In ya mayar kai zan ba, ka ga yadda ake ciyar da gida."

Aka yi dariya, muka koma kan dara.

A nan wurin ne mutane suke yi mini uzuri in ana labarin, su ce ai bai sani ba. Na sani. Manomi ba ya barin gona da hantsi a tsakiyar damina, ya shiga kogi a cike, don ya ce wa surukinsa ina kwana. Kuma matata ta taɓa cewa, tana magana da bango ba da ni ba, wai ta tsallake watanta ya kama. Na haɗa wannan da wancan tun kafin ya gama cire takalmi. Abin da na tsaya jira shi ne ya faɗa. Ni na sa sharaɗin, a gaban wakilin hakimi. In na miƙe na tayar da mota ba wanda ya ce mini komai, tasha duka za ta ga na ruga don 'yar fari, kuma na taka dokar da na kafa da bakina. Kunya biyu ke nan, na kasa zaɓen wadda zan sha. Sai na ce a raina, in abin ya yi tsanani zai faɗa.

Shi kuwa ba zai faɗa ba. Yaya zai buɗe baki ya gaya wa uban matarsa, a tsakiyar tasha, cewa matar tana naƙuda? Ko a ɗaki su biyu ba zai iya ba.

Daga baya na ji inda ya bi. Ya je asibitin sha-ka-tafi, ya tarar malamin ya tafi wani ƙauye yin lamba, allurar rigakafi. Ya samu sakataren ƙungiyarmu ya ce masa akwai mara lafiya a bakin kogi, sakatare ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga mai sati can, je ka faɗa masa. Doka ce, shi ma ya sa ta." Ya je gidana ya yi sallama a zaure, matata ta amsa daga bayan zana, suka gaisa irin gaisuwar da muka yi. Ita ma 'yar farinta ce, ba ta tambaya ba. Ya dawo tasha ya tsaya jikin katanga inda zan iya ganinsa. Ina ganinsa kuwa. Duk sanda na ɗaga kai yana nan, takalmi a hannu.

Aka kira azahar. Muka yi salla, yana sahun baya. Muka dawo kan dara.

Akwai wata mai tuwo a tashar, taubashiyata ce, 'yar gwaggona. Tun muna yara ba ta kirana da komai sai bawanta, kuma ba abin da take jin nauyin faɗa mini. Ita ta lura da shi. Ta zuba masa tuwo ta miƙa, ya karɓa ya ajiye bai taɓa ba. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin manomi ya ƙi tuwo da damina ba. Ta ja shi bayan rumfa. Ban san yadda ta ciro maganar ba, amma ba ta daɗe ba.

Ta taho da ludayi a hannu, ta sa ƙafa ta share ramukan darar.

"Tashi, bawana."

"Ke, a gaban mutane?"

"A gaban mutane za a faɗa, ai haka ka rubuta. 'Yarka ce. Kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Tun hantsi tana gindin tsamiya. Ga mijinta can, bakinsa ya ƙi buɗewa, na ara masa nawa. Ya isa, ko sai an kira alƙali?"

Sarkin tasha ya sunkuya yana tsince 'ya'yan dara. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai takarda ta ce…"

Ta ɗaga ludayin. "In ka ƙarasa maganar nan, da wannan zan ƙarasa ka."

Na tashi na ɗauki handul, ƙarfen murza inji, na tayar da mota. Ta bar tukunyarta a kan wuta ta hau baya. Surukina ya hau bayanta, ya zauna can ƙarshen bodi. A bakin gari muka haɗu da malamin yana dawowa a keke, aka jefa keken sama, ya shigo gaba. A kan gwiwarsa ya rubuta takardar asibiti, mota na girgiza.

Sarkin fito yana zaune a bakin gaɓa da filafili a cinya. Bai gaishe ni ba. Ya ɗaga filafilin ya nuna wani wuri a sama, gabas, ya ce, "Mu mun cika namu sharaɗin tun rana tana can."

Tana kwance a kan ƙyaure, an lulluɓe ta da zane, ungozomar ƙauyensu na yi mata fifita da faifai. Ƙafafunta kawai na gani. Sun kumbura, akwai tsohon lalle a jiki. Na juya mota, na saki ƙofar baya, na koma na zauna a sitiyari. Mijinta da masu fito suka ɗora ta. Na kai hannu na murɗa madubi ya kalli rufi.

Hanyar ranar ba ta da kyau. Laka ce, sai kwari da ruwa ya yanka. Kusa da Kiyako muka kafe. Masu noma suka fito daga gonaki da fatanyu, suka leƙa baya sau ɗaya, ba su tambayi komai ba, suka sare ƙasa suka tura. Ba ta yi kuka ba. Ba a kuka a naƙuda a gidanmu, an koya mata. Sau ɗaya kawai, da na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, na ji wani sauti daga baya. Na shekara da yawa ina bin hanyar, har aka zuba mata kwalta, ban daina rage gudu a wurin ba.

Mun shiga Birnin Kudu bayan la'asar. Takardar malamin ta yi aikinta, ba a tsayar da mu a ƙofa ba. Aka shige da ita, aka ce za a yi mata aiki. Muka zauna a baranda, ni a wannan ƙarshe, surukina a wancan, taubashiyata a tsakiya ba ta kula kowa.

Kafin magariba wata nas ta fito. Ta ce, "Wane ne mijinta?" Ya miƙe. Ta ce uwar tana da rai, yaron kuwa babu, namiji ne. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mahaifinta?"

Na ce, "Ni direba ne."

Taubashiyata ta juyo ta kalle ni, ta buɗe baki, sai ta rufe. Ranar kaɗai na taɓa ganin ta fasa magana.

Da safe aka ba mu yaron a cikin ɗan farin ƙyalle. Uban ya ɗauke shi a tafin hannu biyu. Wani dattijo na unguwar ya nuna mana wuri. Ni na haƙa, da shebur ɗin da nake fitar da mota daga laka. Ba rami ne mai girma ba. Da muka gama surukina ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da aiki." Na ce, "Allah ya ba da haƙuri." Shi ke nan maganar da muka yi, har yau.

A hanyar komawa malamin ya ce, yana kallon gaba, "Wataƙila tun shekaranjiya ya rasu a ciki. Wataƙila jiya da rana. Ba wanda zai iya gaya maka."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Ya ce, "Na sani."

Ta yi makonni a asibiti. Yayata ce ta yi jinyarta. Kullum in na kawo fasinja Birnin Kudu nakan sayi nama in ba mai gadi ya kai ɗakin mata, ba tare da an ce daga wa ba. Ta warke ta koma ɗakinta. Ba ta sake haihuwa ba.

Da aka yanke gero na je na sami malamin na ce a sake tara mutane. Muka koma ajin nan, kan bencin nan. Na miƙe na ce a goge na biyar. Ban yi bayani ba, ba wanda bai sani ba.

Shugaban manoma ya ce shi bai ƙi ba, amma fetur nasu ne. In aka koma karɓar saƙo, gobe da duronsu za a kai gara. Sakatarenmu ya goyi bayansa. Wani ya ce a rubuta cewa in mara lafiya ɗan'uwan mai sati ne, a faɗa wa wani direban. Sarkin tasha ya ce a garin nan wane ne ba surukin wani ba? In ba na direba ba, na sakatare. In an tsallake suruki ga ɗan fari, in an tsallake ɗan fari ga matar wa. Aka yi ta juya magana har rana ta take.

Can sai sarkin fito ya ce, "Ku kuna ta neman wanda zai faɗa. Ni a bakin ruwa ba a gaya mini komai. In na hango ƙyaure a kan mutane na san aikina." Sannan ya ce yana da tsofaffin filafilai da suka karye. A yanka su guntu-guntu, a shafa musu jan fenti, a kai wa kowane ƙauye ɗaya. Duk wanda ya zo ya ɗora jan katako a kan motar mai sati, ko mace ce, ko suruki ne, ko bebe ne, a nan ya dube ni, ba sai ya ce uffan ba. Direba ma ba ya tambaya. In ƙarya ce, a karɓe katakon ƙauyen har damina ta fita, su ji da wanda ya jawo musu.

Aka tambayi wurin wa za a ajiye. Wakilin hakimi ya ce wurin mai unguwa. Malamin ya ce mai unguwa ma sai an je an durƙusa an gaya masa. Aka bar shi a hannun ungozoma.

Ba a sake buga takardar ba. Malamin ya ja layi a kan na biyar da biro, ya rubuta sabon a ƙasa da hannunsa, a kofe huɗun duka, malamin tsangaya ya bi baya da ajami. Muka sake dangwalawa. Shi ya sa tawa take da dangwale jeri biyu. Fentin kuwa ni na kawo, ragowar wanda na shafa wa bodin mota.

Jan katako ya yi damina biyar ko shida yana aiki. Bayan nan arzikin mai ya iso, aka yi gada, aka zuba kwalta, ƙananan motoci da babura suka cika ko'ina. Aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Sarkin fito ya rasu, 'ya'yansa suka jingine jiragen suka koma kamun kifi. Ba wanda ya tara mu ya ce takarda ta ƙare. Wata damina kawai ta zo ba a fitar da mai sati ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Amma kafin gada, damina ta uku da fara katako, sati ya sake zagayowa kaina. Da hantsi ne, muna dara a ƙarƙashin maɗacin. Wata mace ta shigo tasha da mayafi, gefen zanenta a jiƙe, tana tafiya da sauri. Mazan ƙauyensu duk sun tafi gayya wata gona mai nisa, na ji daga baya, maciji kuma ya sari matar maƙwabcinta a bayan gida. Mata suka ɗauko ta zuwa bakin kogi. Ba ta dubi inda muke ba. Ta wuce kai tsaye wurin motata, ta zaro jan katako daga cikin mayafi, ta ɗora a kan bonet. Na gane tafiyar tun daga ƙofa, tafiyar uwarta ce.

Kamasho ya fara cewa, "Direba, ai wannan…" Sarkin tasha ya taka masa ƙafa.

Na tashi na ɗauki handul. Ta zagaya ta hau baya da kanta. Ban gaishe ta ba, ba ta gaishe ni ba. Sai a Birnin Kudu na sa hannu a aljihu na ji ɗan darar da nake shirin turawa, ashe da shi na taho.

Mun isa kafin azahar.